Masu Farin Goro

A Agege ta Legas kowa ya san Badiyya da sunan Malamar Tsalle. Ba ita ta raɗa wa kanta ba, kuma ba don ƙauna aka raɗa mata ba. Darasin motsa jiki take koyarwa a wata sakandaren 'yan mata da ke bayan layin dogo, to mutanen unguwa da suka riƙa hango ta da usur a wuya tana bin yara a fili, sai suka yanke hukunci cewa duk bokon da ta yi a tsalle ya ƙare. Da labari ya bazu cewa ta koma jami'a yin digiri na biyu a ilimin motsin jikin ɗan Adam, wani mahauci ya tare ta a hanya ya tambaye ta tsakaninsa da Allah, wai in ta gama tsallen zai ƙara nisa ne? Ta yi dariya don kada a ce ta ji haushi, amma maganar ta tsaya mata a wuya. Shi ya sa ta riƙe digirin nan kamar rantsuwa. Karatun aji ta gama shi tuntuni, da wahalar shiga motocin danfo da komai. Kundin bincike kaɗai ya rage, shi ne kuma ya riƙe mata ƙafa shekara da shekaru, har jami'a ta gargaɗe ta cewa wannan zangon ne na ƙarshe, in bai kammala ba za a share sunanta.

Kundin kuwa ba ya wucewa sai da sa hannun Dokta Yusha'u, malamin da aka ɗora wa duba aikinta. Allah mai iko. Mutum ne da ya yi suna wajen koyar da yadda gaɓoɓi ke lanƙwasa, alhali shi rabonsa da ganin yatsun ƙafarsa tun kafin a yaye wasu ɗalibansa daga nono. Bene hawa ɗaya ne zuwa ofishinsa, amma in ya iso sai ya zube a kujera yana huci kamar wanda ya fito daga dambe. Ofishin kuwa warin kwantan tsire yake yi, takardun ɗalibai duk shacin mai, don da su yake goge hannu. Da aka ce mata Bahaushe ne ta yi murna, ta ce ta samu na gida. Ba a je ko'ina ba murnar ta koma ciki.

Batun binciken ba a littafi ta tsince shi ba, a ɗakin Goggo Batulu ta same shi. Goggo yayar mahaifinta ce, ita ta goya ta bayan rasuwar uwarta, da tuwon sayarwa ta raine ta. Zaman kujera 'yar tsugunno a gaban tukunya ya cinye mata gwiwoyi, har ta kai in ta zauna sai an kama ta take tashi. Ta daɗe tana sallah a kan wata farar kujerar roba, tana duƙar da kai a iska. Malamai sun ce ya halatta, ita ma ta sani, amma ba ta taɓa ƙaunar kujerar nan ba. Wata rana ta ce, "Badiyya, ni fa ba mutuwar nake tsoro ba. Tsorona a ɗauke ni goshina bai sake taɓa ƙasa ba." Daga wannan maganar Badiyya ta tsara wasu 'yan motse-motse masu sauƙi don tsofaffin mata, a tashi a zauna a kan benci, a dafa bango a ɗaga dunduniya, a sarƙafa gyale a tafin ƙafa a miƙe ta. Har maganar Goggo ta saka a gabatarwar kundin, don ta ga ta yi kyau a wurin.

Da ta kai wa Dokta tsarin, sai ga shi ya gyara zama. Ungulu ba ta jewar banza. Akwai wani taro kan lafiyar tsofaffi da za a yi a ƙasar waje, ya daɗe yana neman abin da zai riƙe a hannu ya je da shi.

"Amma fa sai kin raba su biyu," in ji shi, yana sakace haƙori da kusurwar takardarta. "Rabi ki koya musu, rabi ki bar su yadda Allah ya ajiye su. A ƙarshe a auna duka. In ba haka ba wa zai yarda aikinki ne ya tashe su, ba koko da ƙosai ba?"

A nan kam bai yi ƙarya ba. Haka ƙa'idar bincike take, Badiyya ma ta karanta, har ta ci jarrabawa a kai. Mugun mutum ma yakan faɗi gaskiya in ta yi daidai da buƙatarsa.

Aka tara tsofaffin mata wajen talatin a tsakar gidan Hajiya Kalsum mai kayan ciki, wani babban gidan haya da ke manne da katangar mayanka, inda Goggo ma take da ɗaki. Wanda bai saba ba ba ya iya cin abinci a gidan nan. Lambatun da ke bayan katanga jini da kashin shanu yake kwasowa, in rana ta take har kumfa yake yi, ga hayaƙin tayar da ake babbaka ganda da ita, ga korayen ƙudaje masu ƙiba da ba sa tsoron mafici. Badiyya a nan ta girma, amma har gobe in ta shigo da ƙyar take haɗiye yawu. To nan ne kaɗai ke da fili da inuwa, kuma nan ne matan za su zo ba tare da 'ya'yansu sun yi ƙorafi ba.

Don kada a ce ta yi son kai, sai ta zuba goro ja da fari a ƙwarya ta rufe da faifai, kowace ta zura hannu ta ɗauki ɗaya. Mai ja za a koya mata, mai fari ta jira sai an gama. Matan suka ɗauki abin wasa, ana shewa ana tsokanar juna. Hajiya Kalsum ta ɗauko ja ta rangaɗa guɗa. Goggo Batulu ta zura hannu da bisimilla, ta daɗe tana lalube sai ka ce yatsa na ganin launi, sannan ta fito da shi ta buɗe tafinta. Fari ne tas.

"To 'yar nan, ni yaushe zan fara?"

"Goggo, ke sai an gama. 'Yan watanni ne kawai."

"Ba don ni kika ce kin ƙirƙiro abin ba?"

"Don ke ne, Goggo. Amma ƙa'ida ce."

"Ƙa'ida," Goggo ta maimaita. Ta ɓantari goron ta jefa a baki. "To, Allah ya kai mu. In da rai."

Wannan "in da rai" ya bi Badiyya har gidan aurenta da ke wajen Dopemu, ya hana ta cin tuwo. Ƙyamar kanta ta ji, ba wani abu ba. Ta ɗauki kukan tsohuwa ta yi wa kundinta ado da shi, sannan ta tura tsohuwar bayan labule. Tun daga ranar ta daina zama a ɗakin Goggo. In ta zo koyarwa sai ta gaishe ta daga bakin ƙofa, in an tashi ta suri jakarta ta fice kafin a kira sallah, don kada idonta ya faɗa kan farar kujerar nan.

Masu jan goro kuwa suka kama aiki haiƙan. Da farko ba ka jin komai sai ƙas-ƙas ɗin gwiwa da salati, wata ta ce wannan ai horon soja ne, wata ta ce ita ko a gidan miji ba ta yi tashi-zauna irin haka ba. A hankali jiki ya fara saki. Hajiya Kalsum ce kaɗai ta ishi Badiyya da tambaya. "Malama, sake nuna min na bangon nan. Dunduniya ce ke fara tashi ko yatsu? To in mutum ya fi ni ciwo fa, daga ina zai fara?" Badiyya takan nuna, tana cewa a ranta matar nan duk wayonta a kasuwa ashe kanta da kauri.

Ranar awo ta zo. Awon ba wuya: mace ta zauna a benci, ta rungume hannuwa a ƙirji, in an hura usur ta riƙa tashi tana zama har a sake hurawa. Masu ja suka yi abin a yaba, Badiyya tana rubutawa zuciyarta fari ƙal. Sai aka kira masu fari. Ta farko wata Mouna ce, mutuniyar Maraɗi mai sayar da fura, wadda a awon farko, kafin a fara koyarwa, sai da mata biyu suka ɗaga ta. Usur na tashi Mouna ta miƙe cak, ta koma, ta sake miƙewa, har tana murmushi. Badiyya ta ɗauka dace ne. Ta biyu ma haka, ta uku ma haka. Kafin a kai ƙarshen layi biron ya fara zame mata a hannu saboda gumi.

"Hajiya," ta ce da Kalsum, "wa ya koya musu?"

"Mu mana."

"Ku?"

"Ke kina fita ta ƙofar gida, mu muna ɗaga labule. Wasu a Islamiyya, wasu a gidan suna. Mouna ma a bakin famfo na koya mata."

"Ai na ce kada a koya musu!"

"Kin ce. Mu kuma muka ce to, don kada ranki ya ɓaci." Hajiya Kalsum ta gyara ɗaurin zaninta. "Haba Malama, ke da aka goya a gidan nan. Gishiri ma in ya yanke wa maƙwabciya ba a hana ta, balle lafiyar ƙafa? Ni in tashi ina taƙama, Batulu tana jan gindi a gabana, in ce mata yi haƙuri goronki fari ne? Abeg. Ciwon 'ya mace ai na 'ya mace ne."

Ana cikin haka aka kira la'asar, karon farko da kiran sallah ya riski Badiyya a gidan tun ranar goro. Goggo ta yafuto ta da hannu. "Zo ki ga wani abu. Na so in ɓoye sai ranar da kika karɓi takardarki, amma tunda asiri ya tonu." Ta shimfiɗa guntuwar tabarma a gaban ɗakinta, ta tsaya da ƙafafunta ta tayar da kabbara. Ta yi ruku'u, ta ɗago, sannan ta fara sauka a hankali, gwiwa ɗaya ta taɓa, ɗayar ta biyo, goshi ya kai ƙasa. Ta daɗe a nan ba ta ɗago ba. Badiyya ta jingina da ƙyaure tana kuka wiwi. Farar kujerar tana can gindin katanga an ɗora mata bahon wanki.

Sai da ta shiga danfo hawayen suka bushe lissafi ya dawo. Masu ja sun tashi, masu fari sun tashi, babu bambanci. Babu bambanci kuwa, a wurin Dokta babu kundi.

Ta same shi a ofis yana fama da balangu. Ta tsaya ta zayyana masa komai, sannan ta faɗi abin da ta kwana tana shiryawa, cewa a rubuta gaskiyar yadda ta faru. Ai wannan ma sakamako ne, in ji ta, tunda motsin ya yi sauƙin da tsohuwa za ta koya wa tsohuwa ba malami. Dokta ya yi dariya har ya ƙware, ya tofar da guntun jijiya a kan shafinta na farko.

"Wa zai gayyace ni taro in je in ce masa babu bambanci? Malama, bambanci ake nema. Kin kasa tsare 'yan tsofaffi, kuma kina so in sa hannu a kan sakacinki?"

"Dokta, to me za a yi?"

"Ba zan ce ki canja lamba ba, Allah ya kiyaye, ni mai tsoron Allah ne. Awon za a sake, ni da kaina, har da bidiyo. Ranar Asabar da hantsi. Ki ce su taru."

Nan ne ya kamata ta ce a'a. Ba yarinya ba ce, ta ji warin abin tun daga nesa. Amma ta tuna zangon ƙarshe, ta tuna mahaucin nan da tambayarsa, sai ta ce, "To, Dokta." Irin to ɗin Hajiya Kalsum ne, sai dai nata babu wata dabara a bayansa.

Ranar Asabar ta iso da hantsi kamar yadda aka yi, ta tarar ya riga ta tun da sassafe. An sauke bahon wanki an ba shi farar kujerar Goggo, ya cika ta taf har ƙafafunta sun bubbuɗe. A cinyarsa kwanon farfesun kayan ciki ne, yana zuƙar romo ƙudaje na zagaya bakin kwanon, shi ko a jikinsa. Matan suna zaune jugum, babu shewa babu tsokana. Hajiya Kalsum ta jawo Badiyya gefe.

"Oga ya faɗa mana komai. Ashe saboda abin da muka yi korarki za a yi daga makaranta? Me ya sa ba ki faɗa mana ba?"

"Hajiya, me ya ce ku yi?"

"Mu muka ɓata, mu za mu gyara. Ke dai ki hura usur ɗinki."

Dokta ya lashe yatsu, ya goge sauran a gefen kujera, ya ɗaga wayarsa. Masu ja suka yi nasu aka wuce wurin. Aka kira Mouna. Badiyya ta sa usur a baki ta hura. Mouna ta yunƙura, ta ɗaga gindi kamar taki guda, ta koma daɓas tana cewa, "Wayyo ƙafata, wallai ba ni iyawa." Matar da ta yi kwanaki tana hawa gadar tsallake titi da ƙwaryar fura a ka.

"Yauwa," in ji Dokta. "Ta gaba."

Haka suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, mata masu jikoki, wasu sun je Makka sun dawo, suna nishin ƙarya suna mirgina kai a gaban wayar wani ƙato. Ƙaryar ma ba su iya ba, abin da ya fi ci wa Badiyya rai kenan. Wata ta manta ta miƙe da saurinta, Dokta ya daka mata tsawa, ta ce, "Yi haƙuri, Oga," ta koma ta sake da kyau. Babu wadda ta kalli 'yar'uwarta. Kuma kowace kafin ta fara sai Badiyya ta hura mata usur, da bakinta, ba wanda ya matse mata wuya. Usur ɗin ya koma mata ɗaci. Duk shekarun da ta yi tana ƙyamar lambatun gidan nan, bai taɓa tayar mata da zuciya kamar abin da ke gudana a tsakar gidan yau ba.

Goggo Batulu ce ta ƙarshe, ita kuma ta fi kowa ƙoƙari, don ita ta fi kowa son Badiyya. Ta yunƙura ta kasa. Ta kama bango ta zame. Ta saki wani irin nishi da Badiyya ta sani sarai, nishinta ne na gaske na shekarun baya, ta adana shi ta fito da shi yau.

"Madalla, Baba," in ji Dokta. "Ƙara kaɗan. Kama bangon da hannu biyu."

Garin kama bangon ɗankwalinta ya zame ya faɗi, furfura ta bayyana, 'yar kaɗan da ita, an kitse ta gida biyu. Rabon da namijin da ba muharraminta ba ya ga kan nan tun tana budurwa. Ta kai hannu da sauri za ta ɗauka.

"Bar shi, bar shi," in ji Dokta, yana matso da wayar. "Haka ya fi kyau."

Goggo ta janye hannunta. Badiyya ta hura usur na tsayawa. Tir da wannan hurawar.

Sai ga kiran azahar daga masallacin mahauta. Matan suka fara jan jiki wajen butoci, masu fari suna tafiya da ɗingishin da suka ara, don Dokta bai tashi ba. Shi kuwa ya zuba wa Goggo ido yana wani tunani, can ya tafa cinya.

"Malama, wannan ba ita ce ta gabatarwar kundinki ba? Mai sallah a kujera? Kai, Allah ya kawo mu. Da wannan za mu rufe bidiyon." Ya dafa gwiwa ya miƙe da ƙyar, kujerar ta biyo shi ta manne, sai da ya girgiza ta faɗi. Ya tura ta da ƙafa. "Baba, ga kujerarki. Ki yi sallarki kamar kullum, ki manta da ni."

A karon farko a ranar Goggo ta yi turus. Ta kalli kujerar da shacin romo a gefenta, ta kalli tabarmarta da ke jingine a bakin ƙofa. Sannan ta ɗaura ɗankwali, ta yi alwala, ta zumbula hijabi, ta jawo kujerar gaban ɗakinta ta fuskanci gabas. Da za ta wuce Badiyya sai ta rage murya.

"Kada ki damu, 'yar nan. In ya tafi sai in rama. Allah ya san dalili."

Ta juya za ta zauna. Badiyya ba ta san lokacin da ta isa wurin ba. Ta tare Goggo da hannu ɗaya, ta fizge kujerar da ɗayan, ta ɗaga ta sama ta wurga ta bayan katanga. Aka ji faɗuwarta tsulum a cikin lambatu, ƙudaje suka tashi buu. Ta ɗauko tabarmar ta shimfiɗa a inda Goggo ta share da safe.

"Goggo, yi sallarki."

"Ke Badiyya, kin haukace ne?"

"Malama," Dokta ya ce, muryarsa a sanyaye, wayar tana nan a ɗage. "Ki yi tunani. In tsohuwar nan ta kai goshinta ƙasa a gabana, ki nemi wanda zai sa miki hannu. Kin kuma san lokaci ya ƙure miki."

"Na sani, Dokta."

"Shekarunki duka."

"Na ce na sani."

Goggo ta waiwaya hagu da dama ko wata za ta miƙo mata abin zama. Babu wadda ta motsa. Ga ta tsaye da ƙafafunta, da alwala, a kan tabarma, fuska a gabas. Nishin ƙarya a gaban mutum daban, amma a gaban Allah kuma ba ta san yadda ake yi ba. Ta ja dogon numfashi ta ɗaga hannuwa ta yi kabbara. Da ta zo sujada ta sauka yadda ta sauka rannan, gwiwa ɗaya sannan ɗayar, tabarmar ta gaza, goshinta ya sauka a kan ƙasa.

Dokta ya sauke wayar ya jefa a aljihu. Bai yi faɗa ba, tsaki kawai ya ja. Ya ce shi zai yi tasa sallar a hanya. Har ya kai zaure ya dawo, don ya tuna ƙunshin tsokar da matan suka haɗa masa tun da safe, ya ɗauka ya rungume a hammata ya fita yana huci.

Kada a zaci an yi guɗa. Hajiya Kalsum ta kalli Badiyya sama da ƙasa ta ce, "Mun zubar da girmanmu a gaban baƙo, ke kuma kin bi kin tattake." Ta shige ɗaki ta saki labule. Mouna ta ɗauki ƙwaryarta ta fita da saurinta na gaske, ba sallama. Tsakar gida ta watse, ya rage Badiyya tsugune a gefen tabarma, da warin lambatu, da kwanon farfesun da ƙudaje suka gaje.

Goggo ta yi sallama, ta yi addu'arta a gajarce, ta juyo fuska a murtuke.

"Yanzu kan da na buɗe wa ƙaton nan, a banza kenan?"

"A banza ne, Goggo. Laifina ne, ni na hura usur."

"Takardar fa?"

"Ta tafi."

"Haka za su ci gaba da ce miki Malamar Tsalle har ki tsufa."

"Su ce."

Goggo ta girgiza kai, idonta ya kawo ruwa, haushi ne ko tausayi ita ma ba ta tantance ba. Ta kama bakin hijabinta za ta share fuska. Badiyya ta ga ƙasar da ta manne mata a tsakiyar goshi, sai ta riƙe mata hannu.

"Bar shi, Goggo," ta ce. "Bari in ɗan ƙara gani."